A Duba Haƙori, A Bar Tambayar Dillali

'Yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinku da zarar sun hangi kalmar kwamfuta a wannan shafi za su yi niyyar tsallakewa zuwa shafin wasanni, suna cewa ai wannan magana ce ta 'yan sashen kimiyya. Ina roƙon ku ɗan dakata. Abin da zan faɗa ya faro ne daga wani ɗan aiki da aka ba mu a aji biyu, amma kafin ya ƙare sai da ya taɓo maki, ya taɓo kuɗin data, ya kuma taɓo wani abu da ke damun duk ɗalibin da ya fito daga karkara, watau yadda akan tsara aiki da mai sabon kaya a zuci, a mance da mai tsoho.

Mu huɗu aka haɗa a rukuni guda, dukanmu 'yan ƙasar Gumel: ni daga cikin gari, ɗaya daga Maigatari, ɗaya daga Gagarawa, na huɗun kuwa daga Sule Tankarkar. Malaminmu ya yi haka ne da kyakkyawar niyya, don ya ga ƙananan hukumomin nan huɗu masarauta ɗaya ce, ko hutu ya zo ba za mu rasa haɗuwa ba. Aikin shi ne mu rubuta manhaja da harshen C wadda za ta riƙe wa ɗan kasuwa lissafinsa. Muka zaɓi kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, domin a can ne lissafi yake da sarƙaƙiya: ga buhunan riɗi da na zoɓo, ga shanu da raƙuma da tumaki, ga naira ga sefa, ga kuma la'adar dillali. Muka raba aiki, kowa ya tafi gida da rabonsa. Bayan mako uku muka taru a zauren gidanmu don mu haɗa, sai muka tarar rubutun kowannenmu yana gudu lafiya lau a na'urarsa, amma babu ko ɗaya da ya yarda ya motsa a na'urar ɗan'uwansa.

Bari in yi wa wanda ba ɗan fannin ba bayani. Kwamfuta ba ta jin harshen C, ba ta jin kowane harshe da mutum ke rubutawa. Tsakanin rubutun ɗalibi da cikin na'ura akwai wata manhaja wadda ke karanta abin da aka rubuta ta mayar da shi lambobin da na'ura ke ganewa. A aji muna ce mata kamfaila, amma ni na fi so in kira ta tafinta, domin aikinta daidai yake da na tafintan da ke tsayawa tsakanin Bature da Hakimi a zamanin kakanninmu. Tafintocin nan kuwa suna da yawa, kowanne da gidan da ya taso. Akwai GCC, wanda Richard Stallman ya fitar a 1987. Akwai Clang, wanda aka saki ga jama'a a 2007, tushensa kuwa wani aiki ne mai suna LLVM da Chris Lattner ya fara a 2000 yana ɗalibi a Jami'ar Illinois ta Amurka. Akwai kuma na kamfanin Microsoft, wanda ke zuwa a cikin Visual Studio. Shi kansa harshen bai tsaya wuri ɗaya ba. Dennis Ritchie ya ƙago shi a 1972, aka yi masa daidaitacciyar ƙa'ida a 1989, aka sabunta ta a 1999 da 2011 da 2018, sannan aka buga wadda ake kira C23 a 2024. Yawancin sabuntawar sun halatta wani abu, wata ma ta haramta abin da a da yake halal.

To, ni tsohuwar kwamfutar yayana nake amfani da ita, mai ɗauke da Dev-C++ da GCC bugu na 4.9.2, wanda ya fito tun 2014. Na Sule Tankarkar ya sa wa tasa sabon Linux mai GCC 15 na 2025. Na Gagarawa yana da Visual Studio. Na Maigatari ba shi da kwamfuta sam, a wayarsa yake rubutu ta cikin Termux, tafintansa kuwa Clang. Abokina na Sule Tankarkar ya saba ƙirƙirar ma'ajin ƙirge a bakin zagayen for, abin da ƙa'idar 1999 ta yarda da shi. Nawa tafintan kuwa, in ba a ce masa komai ba, da kunnen 1989 yake saurare, sai ya ƙi. Ni kuma na koyo daga wani tsohon littafi na ƙirƙiri nau'in da ke ɗauke da i ko a'a na raɗa masa suna bool, alhali GCC 15 da ƙa'idar C23 yake saurare, inda wannan kalma ta riga ta zama ta harshen kansa, ba a yarda wani ya raɗa wa abinsa ita ba. Fayil ɗin conio.h da na jawo don tsayar da allo babu shi a waya, babu shi a Linux. Tafintan Microsoft kuwa ya kafe cewa scanf ba shi da tsaro. Muka zauna har aka kira Magariba kowa yana cewa nasa ne daidai, kuma abin takaicin shi ne kowa gaskiya yake faɗa.

Harshen C ya tanadi mafita ga irin wannan, ita ce fassara bisa sharaɗi. Kafin tafinta ya fara aiki, akwai wani yaronsa da ke shiga gaba ya share fage. Yaron nan ba ya jin C ko kaɗan, abin da ya sani kurum shi ne layukan da suka fara da alamar #. In ya ga #if sai ya auna sharaɗin da ke gabansa. In ya tabbata ya bar layukan da ke ƙasa, in bai tabbata ba ya share su har zuwa #else ko #endif, tafinta bai ma san an taɓa rubuta su ba. Kuma tun kafin a buɗe fayil, kowane tafinta yakan miƙa wa yaron wasu alamomi masu faɗin sunansa da shekarunsa. GCC yana ba da __GNUC__ mai ɗauke da babbar lambar bugu, da __GNUC_MINOR__ mai ɗauke da ƙarama, da __GNUC_PATCHLEVEL__. Clang yana ba da __clang__ da __clang_major__. Na Microsoft yana ba da _MSC_VER, wanda yake 1900 a Visual Studio 2015, 1920 a farkon na 2019, 1930 a farkon na 2022. Sunan da yaron bai sani ba kuwa, ba ya ƙorafi, sifiri yake ɗaukarsa ya wuce. A riƙe wannan, domin nan ne ramin da da yawa ke faɗawa.

Da na gano wannan sai na ji kamar an ba ni mabuɗin gari. Na ce ai shi ke nan, in tambayi kowane tafinta sunansa da shekarunsa, in ba shi abin da ya dace da shi. Akwai wata dabara mai suna _Static_assert da ke tsayar da fassara in wani sharaɗi bai cika ba, wadda GCC ya samu a bugu na 4.6. Sai na rubuta:

#if __GNUC__ >= 4 && __GNUC_MINOR__ >= 6

A na'urata ya yi aiki, don 4 ta kai 4, 9 kuma ta wuce 6. Na yi ta alfahari har kwana biyu. Mai karatu, ka auna wannan layi da GCC 15.1. Babbar lamba 15 ta wuce 4, amma ƙaramar 1 ce, ba ta kai 6 ba. Saboda haka tafintan da ya fito shekara goma sha ɗaya bayan nawa, layin nan ya ɗauke shi tsoho tukuf ya hana shi dabarar, kuma babu gargaɗi, babu ƙara, babu komai. Gyaran ba shi da wuya, littafin jagorar GCC ma ya nuna shi: a ninka babbar lamba da 10000, ƙarama da 100, a tara da ta ukun, sai 4.9.2 ta zama 40902, 15.1.0 ta zama 150100, a gwada lamba guda da lamba guda. Na gyara, na kuma ɗauka an wuce wurin.

Ashe babban abin yana gaba. Da muka buga alamomin a wayar abokina na Maigatari, sai ga Clang ɗinsa, sabo fil, yana cewa shi GCC ne, bugu na 4.2.1. Na ɗauka wayar ce ta rikice. Ba ita ba ce. Haka Clang yake faɗa da gangan tun fil azal. Sa'ad da ya shigo duniya ya tarar da ɗimbin rubuce-rubuce waɗanda ba sa buɗe ƙofa sai ga wanda ya ce shi GCC ne, don haka ya ari sunan da lambar bugun 2007, ya kuma riƙe ta har yau, ko da yake ya iya abubuwan da wancan bugu bai taɓa mafarkinsu ba. A kan Windows ma akwai sigarsa da ke ba da _MSC_VER kamar ɗan gidan Microsoft. Kama da wane dai ba wane ba ne, amma yaron share fage ba shi da idon bambancewa.

Kada a ga laifin Clang shi kaɗai. Tafintan Microsoft, in yana fassara C++, alamar __cplusplus da ya kamata ta faɗi shekarar ƙa'idar da ake bi takan ce 199711 ko da kuwa da ƙa'idar 2017 ko 2020 yake aiki, sai fa in an kunna wani maɓalli na musamman da aka ƙara a 2018. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne rubuce-rubuce masu yawa sun dogara da tsohuwar lambar, in aka faɗi gaskiya za su rushe. Manhajojin shiga intanet ma haka: Chrome da Safari da Edge da Firefox, kowace in ta gabatar da kanta ga shafi da Mozilla/5.0 take farawa, gadon wata gasa ta shekarun 1990 sa'ad da shafuka ke kore duk wanda ba Netscape ba. A lura da abin da ya haɗa waɗannan duka. Masu tambaya ne suka koya wa masu amsa ƙarya. Aka ce ba mai shiga sai ɗan gidan wane, sai kowa ya zama ɗan gidan wane.

Duk wanda ya taɓa raka babansa karar dabbobi a Maigatari gab da Babbar Salla ya san wannan darasi tun kafin ya ga kwamfuta. Ka tambayi dillali shekarun rago, zai gaya maka shekarun da ya ga kana nema. Ba lalle ne mugu ba ne, sana'arsa ce ya sa ciniki ya faɗa. Shi ya sa dattijon da ya san dabba ba ya ɓata bakinsa. Sai ya kama ragon ya buɗe leɓensa na ƙasa. In haƙoran nono ne ƙanana jere, bai daɗe da haihuwa ba. In manya biyu sun fito a tsakiya, ya haura shekara. Haka suke ƙaruwa bibbiyu har su cika takwas. Dattijon ba takardar haihuwa yake nema ba, so yake ya san ko dabbar ta kai abin da zai yi da ita. Ra'ayina ke nan game da tafinta: lambar bugu maganar dillali ce, kuma duk inda aka sami hanyar duba haƙori, to a duba.

Hanyoyin kuwa akwai su, wasu ma sun girme mu. Ɗauki maganar bool da ta raba ni da na Sule Tankarkar. Da na ce in GCC ya kai 15 a yi kaza, da na yi kuskure, domin ana iya umartar GCC 15 ya saurara da kunnen 1999, ana kuma iya umartar nawa tsohon ya saurara da na 2011. Shekarun tafinta ba su ne ke faɗin ƙa'idar da yake bi a wannan sa'a ba. Abin da ke faɗa shi ne __STDC_VERSION__, wanda yake 199901 ga ƙa'idar 1999, 201112 ga ta 2011, 201710 ga wadda ta biyo ta, 202311 ga C23. In ya kai 199901 sai a jawo stdbool.h a huta. Haka nan Clang ya zo da wasu tambayoyi na kai tsaye waɗanda sauran suka ara daga baya: __has_include yana tambaya ko akwai fayil kaza, __has_builtin ko ka iya dabara kaza, __has_attribute ko ka san sifa kaza. Na farkon har ya shiga ƙa'idar C++ ta 2017 da ta C23. Da shi muka warware rigimar conio.h cikin layi uku. Tun 1991 ma David MacKenzie ya gina Autoconf a kan wannan tunani: maimakon a tambayi na'ura wace ce ita, sai a rubuta 'yar ƙaramar manhaja a miƙa wa tafinta, in ya fassara to ya iya, in ya kasa to bai iya ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wanda ya fi tsorata ni cikin duk abin da muka gani bai zo da saƙon kuskure ba. Mun yi shawarar riƙe kuɗi da kwabo don gudun ɓacewar canji, muka zuba shi a nau'in lamba mai suna long. A Linux da wayar abokina long yana da bit 64. A Windows kuwa, ko na'urar sabuwa ce, bit 32 ne, iyakarsa 2,147,483,647. In kwabo ne, wannan naira miliyan 21 ce da 'yan kai, kuɗin da tirelar shanu guda takan wuce a yau. Muka shigar da ciniki iri ɗaya, na'urori biyu suka ba da jimla daidai, biyu suka nuna wa ɗan kasuwa cewa shi ake bi bashi. Babu lambar bugun da za ta tona wannan, don GCC ɗaya ne zai ba ka 64 a Linux ya ba ka 32 a Windows. Amma tun ƙa'idar 1989 akwai LONG_MAX a cikin limits.h, wanda yaron share fage zai iya aunawa kai tsaye, kuma tun 1999 akwai int64_t wanda sunansa ma ya faɗi girmansa. Haƙorin yana nan a baki shekara talatin da wani abu, mu ne ba mu buɗe leɓen ba.

Na san wasu manyanmu na aji huɗu za su ce na cika zaƙewa, kuma suna da hujja. Akwai inda ba makawa sai an tambayi shekaru. Misali, dabarar __builtin_mul_overflow, wadda ke gane in ninki ya fi ƙarfin ma'aji, ta shigo GCC a bugu na 5, amma tambayar __has_builtin ba ta shigo ba sai bugu na 10 a 2020. Watau daga 5 zuwa 9 tafinta ya iya aikin, amma bai san yadda ake tambayarsa ko ya iya ba. A nan tilas a haɗa biyu: a fara duba ko tambayar ma tana nan, in tana nan a yi ta, in babu a koma ga lamba. Haka kuma in wani bugu yana da aibi sananne, yana fassara abu kaza ba daidai ba, to haƙori ba zai nuna ba, domin shi a ganinsa ya iya. Sai dai a kira shi da lambarsa a kauce masa. Na yarda da wannan duka. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a mayar da abin larura ya zama al'ada, a fara da lamba alhali akwai tambaya madaidaiciya.

Kuma in za a yi amfani da lamba, a sa ta zama ƙasan da ba a sauka ƙarƙashinsa, kada ta zama rufin da ke hana na gaba shigowa. Wanda ya rubuta cewa daga bugu kaza zuwa sama, ya bar ƙofa a buɗe. Wanda ya lissafa bugun da ya sani ya rufe, ya haƙa wa kansa rami ne. Manya ma sun faɗa. Tsofaffin bugun Linux suna da fayil dabam ga kowace babbar lambar GCC, na 3 dabam na 4 dabam. Da GCC 5 ya fito a 2015, sai waɗanda ba su da fayil mai lamba 5 suka ƙi fassaruwa, har aka haɗe fayilolin wuri guda a wannan shekarar. A 2024 kuma _MSC_VER ya tashi daga 1939 ya shiga 1940 alhali sunan Visual Studio 2022 bai sauya ba, sai rubuce-rubucen da suka ɗauka duk ɗan 2022 da 193 yake farawa suka kore shi, har da wasu bugun CUDA na kamfanin Nvidia.

Wani abin kuma shi ne yawa. Bayan mun ɗanɗana daɗin #if sai muka riƙa yayyafa shi ko'ina kamar gishiri, har rubutun ya koma ba mai iya karanta shi daga sama zuwa ƙasa. A yi lissafi: sharaɗi ɗaya yana raba manhaja gida 2, biyu gida 4, goma gida 1,024. Wa zai gwada manhaja 1,024? Mu huɗu ne, huɗu kurum muke gani, sauran suna kwance cikin duhu. Henry Spencer da Geoff Collyer sun yi wannan kuka tun 1992 bayan wahalar da suka sha da manhajarsu ta C News. Abin da muka yi a ƙarshe shi ne muka tattara duk tambayoyin a fayil guda, muka sa masa suna tafinta.h, shi kaɗai ke da izinin ambaton GCC ko Clang ko Microsoft. Sauran rubutun sunayen da muka raɗa da kanmu kawai yake kira.

Yanzu bari in zo ga abin da ya sa na kawo maganar nan mujallar Ƙungiya maimakon in bar ta a allon sanarwar sashenmu. A ranar duba aiki, wata 'yar ajinmu da na san ta kwana uku ba barci a kan nata ta miƙa shi, aka sa a na'urar ɗakin kwamfuta, tafinta ya watso jan rubutu, aka ce aikinta ba ya gudu, aka ba ta makin da bai kai rabi ba. Na duba daga baya. Layi ɗaya ne, irin rigimar nan ta zagayen for. Da an ƙara wa tafintan kalma guda a umarninsa da ya wuce. Ban ce an zalunce ta da gangan ba, mai dubawa yana da ɗalibai fiye da yadda zai iya zama da kowa. Amma tun farkon zango babu wanda ya gaya mana da wace ƙa'ida za a auna mu. An ce dai a rubuta da C, kamar a ce a kawo hatsi tiya goma ba a faɗi tiyar wace kasuwa ba.

In ka kai kuka, amsar da ka fi samu daga 'yan'uwanmu na birni ita ce ka sabunta kayanka mana. Maganar tana da sauƙi a bakin wanda gidansu ke da wuta da intanet. Visual Studio gigabait ne masu yawa, kuma sabonsa ba ya hawa tsohuwar Windows. Ɗalibin da ke ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda sai ya fita bayan gari yake samun sabis, wanda ke biyan mai shago kuɗin cajin waya, in ka ce ya sauke wannan ka ce masa ne ya bar darasin. Kwamfutocin da ke hannunmu kuwa yawancinsu kwance ne daga Turai, sun ga jiya sun ga yau. Jihar Jigawa tana alfahari da cewa tun farkon shekarun 2000 ta kafa cibiyar koyon fasahar kwamfuta a Kazaure, yanzu kuma ga jami'a a Dutse tun 2011 da ta Kafin Hausa tun 2013. Ɗaliban da ke cika waɗannan wurare irinmu ne, da irin kayanmu suke zuwa.

Sai dai kada a fahimce ni a karkace, ban ce a dawwama a kan tsohon kaya ba. Akwai masu koyo har yau da Turbo C na kamfanin Borland, wanda ya fito a 1987, kafin a haifi wasu malamanmu, suna haddace clrscr da getch kamar su ne harshen. Wannan ma cuta ce, domin ranar da suka fita neman aiki za su tarar ba mai jin yarensu. Dole a sa iyaka a wani wuri. Masu Linux a 2021 sun ce daga yanzu sai GCC 5.1 zuwa sama, tafintan da a lokacin ya shekara shida; suka rubuta a fili, kuma wanda ya zo da ƙasa da haka saƙo bayyananne yake samu. Abin koyi a nan shi ne iyakar tana da sassauci, an kuma shelanta ta kafin a hukunta kowa da ita.

Saboda haka ga abin da nake roƙon wakilanmu su kai gaban sashe, kuma ba ya cin ko kwabo. Duk darasin da ake rubuta manhaja, a faɗi ƙa'idar da za a bi a takardar farko ta zango, a faɗi umarnin da za a ba tafinta ranar dubawa harafi da harafi, ta yadda kowa zai iya gwadawa a gida ko a waya. A zaɓi ƙa'ida irin ta 1999 ko 2011, wadda tsohon GCC nawa da Clang na waya duk suna ji in an umarce su. Ƙungiya kuma ta sauke sabon tafinta sau ɗaya ta ajiye a filashi a ofishinta, duk mai so ya zo ya kwafa kafin a tafi hutu. Sannan a koya mana yaron share fage da alamominsa tun aji ɗaya, ko da lacca guda ce, don a yanzu sai wanda ya faɗa rami yake sanin akwai shi.

Mu dai a namu fayil, layin farko yana auna ƙa'ida, in ba ta kai ba ya tsayar da komai da #error. Saƙon kuwa da Hausa muka rubuta shi, yana cewa wannan aiki yana bukatar ka'idar 1999, a kara -std=c99 a umarni. Mun cire lanƙwasar haruffa da gangan, don baƙin allon tsohuwar na'urata yana mayar da ƙ da ɗ wasu zane-zane marasa ma'ana, wannan kuwa wata rigima ce mai zaman kanta. Ranar Alhamis ɗin da ta biyo baya muka kai manhajar Maigatari a wayar abokina, wani kawunsa mai sayen riɗi ya karanto mana cinikin mako daga littafinsa muna shigarwa. Jimla ta fito daidai da tasa. Ya jinjina kai, sannan ya tambaye mu inda ake rubuta buhunan da aka ɗauka bashi sai kasuwa mai zuwa, wurin da babu ɗayanmu da ya tuna ya tanada.